Wayar gwajin manhaja: ƙaramar itel ko babbar Samsung ta hannu?

Ƙanina mai tambayar wacce zai saya don gwada manhajar da yake haɗawa, ƙaramar itel sabuwa ko babbar Samsung ta hannu: sayi itel ɗin, mai ram 2GB (ram shi ne wurin da na'ura ke riƙe manhajojin da ke aiki a lokacin). Canjin da ya rage ka ƙara wa kwamfutarka ram da shi, don Android Studio, wato manhajar kwamfuta da ake haɗa manhajojin Android da ita, ba ya sakewa a ƙasa da 8GB, in da hali ma ka kai ta 16. Ƙarfi a kwamfutar da ake rubutu ake son sa. Wayar gwaji kuwa rauninta ake nema.

Duka biyun suna hannuna. Samsung ɗin ba ta da laifi, tana ɗaukar hoto mai kyau, kuma duk shirmen da ka ɗora mata za ta buɗe shi cikin ƙiftawar ido ta bar ka kana ganin kai gwani ne. Kuɗin da na zuba mata da sunan gwaji har yau yana min ciwo. Abin da zan iya faɗa a kanta ke nan.

Itel ɗin kuwa, mai tsagaggen gilashi, ba na ba da aronta. Akwai wata manhajar rubuta bashi da shigar kaya da na haɗa wa wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Kafin na kai masa sai na ɗora ta a kan 'yar itel ɗin, na rubuta sunan mai saye, turmi nawa ya ɗauka, nawa ya bayar, nawa ya rage, na danna kyamara don ɗaukar hoton rasit. Ina dawowa na tarar da shafin fari fat, ba ko harafi. Manhajar ta tashi daga farko kamar yanzu aka buɗe ta.

Haka Android yake aiki. Idan ram ya cika, sai ya kashe manhajar da ke baya don ta gaba ta samu wuri. Kyamara tana da ci, shi kansa Android ɗin ya riga ya kwashe kaso mai yawa daga 2GB ɗin, saboda haka taka ce za ta tafi. A waya mai 8GB sai ka shekara ba ka ga wannan ba. To ka tuna yadda ɗan kasuwa yake riƙe waya: yana cikin rubutu zai fita ya duba ko alat ya shigo, ya amsa kira, ya leƙa WhatsApp ya tura wa abokin ciniki hoton kaya, sannan ya dawo. Duk fita ɗaya dama ce ta mutuwar manhajarka. Gyaran bai fi aikin yamma guda ba, duk abin da aka rubuta ya riƙa ajiyuwa a waya nan take. Da na je shagon, yaran Alhaji gaba ɗaya irin wayoyin nan ne a aljihunsu, Tecno da itel da Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion na ƙasar Sin. Ɗayansu ya jarraba, ya fita ya dawo, ya ce “Oga, wannan ba ta mantuwa.” Wallahi na fi jin daɗin maganar nan a kan kuɗin aikin.

Ba ram ne kaɗai ba. Ƙananan wayoyi galibi ma'adanarsu nau'in eMMC ce, manya kuma UFS, kuma ta farkon ta fi jinkirin karatu da rubutu nesa ba kusa ba, musamman idan ta kusa cika. Wayar mutanenmu kuwa kullum a cike take da bidiyon biki da karatuttukan malamai da hotunan da gurup-gurup ke zubowa. Ranar da waya ta ce babu wuri, mutum zai duba wace manhaja ce ta fi girma ya goge ta, ba zai goge hoton ɗaurin auren ƙanwarsa saboda kai ba. Google da kansu sun fitar a 2017 cewa duk ƙarin 6MB a girman manhaja yana rage kashi 1 cikin 100 na masu sauke ta. Mu nan ƙara da tsadar data. Shi ya sa za ka ga ana yawan karɓar manhaja ta hanyar Xender daga wayar aboki, kuma wannan ma ka gwada shi, ka ga ko taka tana shiga idan an tura ta haka.

Sai zafi. A bazara Kano tana haura digiri 40, kuma idan waya ta ɗau zafi ƙwaƙwalwarta rage gudu take yi da kanta don kar ta lalace. Gwaji a ofis mai sanyi bai ishe ka ba. Fita da ita waje bayan azahar, ka tsaya a rana. A nan ne kuma za ka gane cewa rubutun nan mai ruwan toka da ya yi maka kyau a kwamfuta ba ya ganuwa sam a ƙaramin gilashi.

Maganar kumburin manhaja ta daɗe. Tun 1995 wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, ya koka cewa manhajoji suna ƙara nauyi da sauri fiye da yadda na'urori ke ƙara gudu. A ganina babban dalilin shi ne mai haɗawa ba ya ɗanɗana wahalar da ya jawo. Wanda ya bi hanya a cikin jif ba zai san ramukan da fasinjan adaidaita sahu ke sha ba. Sai ka ga an jawo katafaren kunshin aikin wasu saboda maɓalli ɗaya, an saka hoto mai girman allon talla a inda bai fi farce ba, an cika shafi da abubuwa masu motsi, ga na talla, ga na bibiyar masu amfani, kowanne yana cin ram da batir da data. Facebook da duk kuɗinsu sai da suka gane haka. A 2015 suka fito da Facebook Lite da bai kai 1MB ba, kuma a shekarar suka ɓullo da tsarin da ma'aikatansu za su rage gudun intanet ɗinsu zuwa na 2G na awa ɗaya ranar Talata, don su ji abin da mutanen irin ƙasashenmu ke ji. Google ma a 2017 suka kawo Android Go saboda wayoyi masu ƙaramin ram.

Na san wani zai ce ai akwai wayar gwaji ta cikin kwamfuta, kuma Chrome yana iya rage gudun ƙwaƙwalwa ninki 4 ko 6 ya kuma rage sabis. Gaskiya ne, ina amfani da su. A kowace Android ma in ka danna lambar Build sau 7 za ka buɗe sashen masu haɗa manhaja, akwai inda za ka sa waya ta riƙa rufe shafi da zarar an bar shi. Amma duk wannan ba ya kawo zafin rana, ba ya kawo cikakkiyar ma'adana, ba ya kawo tsarin tattalin batir na ƙananan wayoyi da ke hana saƙon manhajarka shigowa sai an buɗe ta. Abu ɗaya dai, in da Flutter kake aiki, wato kayan haɗa manhaja na Google, kar ka auna gudu da sigar da kake gyara a kanta, ita dama jinkiri gare ta. Fitar da sigar da za ka ba mutane, ita za ka auna.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula wurin saye. Ko Farm Centre za ka ko Beirut, kasuwannin waya na Kano, masu amana sun fi yawa, sai dai ba a rasa na banza. Za a nuna maka kwali an rubuta 2+2 ko 4+4, a ce maka ram 4 ne ko 8. Lambar farko ce ram na gaske, ta biyun aro ne daga ma'adana, kuma ba ta da saurin na gaske. Akwai kuma wayoyin jabu da aka sauya musu bayanin ciki suna nuna abin da ba su da shi, da gyararru da ake mayarwa kwali a manne a ce sababbi ne dal. Danna *#06# ka ga ko lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta jikin kwali, ka sauke manhajar CPU-Z mai nuna abin da ke cikin waya a gaban mai shagon ka duba ram da ma'adana, kuma ka karɓi rasit mai sunan shago. In ta hannu ce babu rasit babu kwali, bar ta komai arharta, kar wata rana a biyo sawun wayar sata a iske ta a hannunka. Mai shago zai yi ta lallaɓa ka ka ƙara kaɗan ka ɗauki “wadda ta fi”, ka ce masa a'a, mai raunin kake so. Amma kar ka sayi tsohuwa tukuf da Android ɗinta ya tsufa har manhajojin banki sun daina shiga, nemi wadda ake sayarwa a kasuwa yanzu.

In ka saya, kar ka ajiye ta a durowa tana jiran ranar gwaji. Saka layinka a ciki, shiga da WhatsApp ɗinka, bar bidiyon gurup su yi ta sauka har ta fara kukan babu wuri, sannan ka ɗora manhajar taka. Ka shiga da ita can cikin layukan Kwari ko Singa inda sabis ke ɗaukewa, ka miƙa wa wani yaron shago ba tare da ka yi masa bayani ba, ka tsaya a gefe ka ga inda zai maƙale.