Rahoto Daga Japan: Sabon Zangon Wasannin Kwaikwayo na Talabijin da Hidimar da Ke Tattare da Shi

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da ka nema game da wasannin kwaikwayon talabijin na ƙasar nan, tun da ka ce kai da abokan aikinka kuna shirin fara naku shiri mai dogon zango, kuma kuna son jin yadda wasu ke tafiyar da wannan sana'a. Da gangan na jinkirta amsar har watan Oktoba ya kama, domin a cikinsa ake buɗe sabon zango, kuma na fi son in faɗa maka abin da na gani da idona a kan abin da aka ba ni labari.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, a nan wasan kwaikwayo haja ce mai awo da wa'adi. An raba shekara gida huɗu, kowanne wata uku, masu farawa a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba. Idan zango ya kama, manyan tashoshin kasuwanci na Tokyo, wato Nippon TV da TV Asahi da TBS da TV Tokyo da Fuji TV, sai su sauke kusan duk wasannin da suke nunawa su ɗora sababbi cikin mako biyu ko uku. Galibin wasannin kashi 10 ne zuwa 12, ana nuna kashi ɗaya a mako, kowane kashi yana cin kusan awa guda idan an haɗa da tallace-tallace. Mai kallo ya san ranar da labari zai fara, ya kuma san kafin ƙarshen Disamba za a warware masa shi. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba, domin na san yadda muke bin shiri a gida shekara da shekaru, wani lokaci jarumar ta sauya a tsakiya, wani lokaci a tafi hutun da ba a faɗi ranar dawowa ba.

Kowace tasha tana da gurbin da aka san ta da shi, kuma gurbin yakan fi wasan da ke cikinsa daɗewa a zukatan mutane. Ƙarfe tara na daren Litinin na Fuji TV ne, inda aka saba ganin labaran soyayya tun shekaru masu yawa, ko da yake yanzu suna haɗawa da na likitoci da masu bincike. Ƙarfe tara na daren Lahadi kuwa TBS ce ke riƙe da shi, da labaran banki da masana'antu da ma'aikacin da ya tsaya tsayin daka a gaban manyansa. TV Asahi ta fi ƙarfi a labaran 'yan sanda, kuma tana da wani wasa mai suna Aibo wanda ya haura shekara 20 yana dawowa duk Oktoba, ya ci zango biyu har zuwa Maris. Idan dare ya raba, TV Tokyo takan sako gajerun wasanni masu ƙaramin kasafi, da yawansu a kan abinci. Lokacin da ake nuna na ƙarfe taran nan, ku a gida ƙarfe ɗaya na rana ne, saboda mun riga ku da awa takwas.

A makonnin nan na kalli kashin farko na wasanni da dama, kuma abin da ya fara jan hankalina shi ne irin tanadin da ake yi wa wannan kashi. Yawanci ana tsawaita shi da kamar minti 15. Ranar da za a fara nunawa, manyan 'yan wasan sukan wuni suna zagaya shirye-shiryen tashar tun daga na safe, suna hira suna tunatar da mutane. Tashar tana wallafa wani jadawali mai ɗauke da hoton kowane ɗan wasa, da layuka masu nuna wane ne uban wane, wa ke son wa, wa ke gaba da wa, yadda wanda bai taɓa jin labarin ba zai shigo bai ruɗe ba. Da an ɗan fara, sai a ajiye hoto ɗaya a allo, sunayen kamfanonin da suka ɗauki nauyi su bayyana, wata murya ta karanto su cikin natsuwa. A ƙarshe kuma waƙar da aka keɓe wa shirin takan taso ana tsakiyar fage mai taɓa zuciya, ita ce kuma za ka ci gaba da ji a shaguna har zangon ya ƙare. 'Yan wasa ba sa tsayawa su yi rawa da waƙa a tsakiyar labari irin yadda aka saba a finafinanmu.

Wajen aiki kuwa, sautinsu ya fi hotonsu burge ni. Za ka ji ƙarar ajiye kofin shayi a kan tebur da sawun takalmi a farfajiyar asibiti, ba ihun janareto a bayan fage, ba muryar da ke nisa ta ɓace. Suna kuma yarda da shiru. Na ga wani fage da uba da 'yarsa suka zauna cin abinci bayan saɓani, babu wanda ya ce uffan na tsawon lokaci, sai uban ya tura mata ƙaramin kwanon kifi gabanta, ita kuma ta ɗan sunkuyar da kai ta ɗauka. Da a wurinmu ne, da an kira kawu da gwaggo an yi zaman sulhu na rabin awa. Kowanne yana da daɗinsa, amma na lura nasu ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma fi buƙatar ɗan wasan da ya iya sarrafa fuskarsa. Al'amarin kunya da girmama na gaba ma ba baƙo ba ne gare mu: ƙaramin ma'aikaci yana rusunawa idan zai ba da haƙuri, ana cire takalmi a bakin ƙofa, ana miƙa katin suna da hannu biyu.

Akwai kuma abubuwan da ba su kwanta mini ba. Wasannin sun yi kama da juna fiye da kima. Cikin abin da na kalla, kusan ko'ina akwai gwanin likita ko ɗan sanda ko lauya mai wuyar hali, an haɗa shi da sabon shiga mai zafin nama, kowane mako su warware matsala ɗaya, a rufe da doguwar huɗuba. Da yawa an ɗauko su ne daga littattafan labarai na zane waɗanda suka riga suka yi kasuwa, domin tasha ba ta son yin kasada da labarin da ba a gwada ba. Manyan kamfanonin da ke riƙe da 'yan wasa suna da ta cewa wajen raba matsayi, shi ya sa wani lokaci za ka ga mawaƙi kyakkyawa a matsayin da ya fi ƙarfinsa. Sannan giya tana ko'ina: da an tashi daga ofis sai mashaya, a can ake faɗin sirri, a can ake shiryawa. Tsiraici bai kai na finafinan Amurka ba, musamman a wasannin farkon dare, amma duk da haka ba kowanne zan zaunar da yara a gabansa ba. Abin da na fi jin rashinsa shi ne dangi. Gidajen da ake nunawa na mutum ɗaya ne ko uku, ba kishiya, ba surukai cike da tsakar gida, ba maƙwabcin da zai yi sallama ya shigo ba tare da ya aiko ba, alhali a nan ne labaranmu suka fi armashi.

Tashar NHK, wato tashar al'umma ta ƙasar, daban take da sauran, kuma a kanta ne batun kuɗi ya shigo. Ba ta saka talla ko ɗaya. Doka ta wajabta wa duk gidan da ke da talabijin mai kama tashar ya ƙulla yarjejeniya da ita, kuma tun Oktoban 2023 kuɗin ya koma yen 1,100 a wata, ko yen 1,950 ga mai kama tashoshin tauraron ɗan'adam. Mutane da yawa suna ƙorafi a kai, har da 'yan ƙasa, musamman matasan da ba su cika kunna talabijin ba. Ni dai ina biya, kuma ina ganin amfaninsa. Wasan safe na wannan tasha, wanda aka faro tun 1961, minti 15 ne kacal da ƙarfe takwas, Litinin zuwa Juma'a, yana ɗaukar wata shida, kuma wanda ke farawa a wannan lokaci na shekara reshen Osaka ne ke shirya shi. Galibi labarin mace ce tun tana yarinya har ta girma. Daga wannan gurbi wasan Oshin ya fito a 1983, wanda aka nuna a ƙasashe da dama har da Masar da Iran. Akwai kuma babban wasan tarihi na daren Lahadi da ƙarfe takwas, wanda tun 1963 ake yin sa, shi kuma shekara guda yake ci daga Janairu zuwa Disamba, don haka yanzu ya doshi ƙarshe. Na sha tunanin irin abin da za a iya yi da tarihin Sarauniya Amina ko na Daular Usmaniyya da a ce akwai tashar da ke da tabbataccen kuɗin shiga irin wannan.

Hidimar da ke kewaye da kallon ita ce inda ratar da ke tsakaninmu ta fi faɗi. Wanda kashi ya wuce shi yana da manhajar TVer, wadda tashoshin kasuwanci suka haɗu suka kafa a 2015, inda ake ajiye sabon kashi kyauta na kusan mako guda, da tallansa a ciki. Ka lura da hikimar: abokan hamayya ne, amma sun ga gara su tara hajarsu a rumfa ɗaya da su bar ɓarayin fasaha su cinye kasuwar. A jikin rimot akwai maɓallin da ke fito da maganar 'yan wasa a rubuce, wanda aka yi domin kurame da tsofaffi, mu baƙi masu koyon harshe kuma muke cin moriyarsa. Akwai jadawalin mako guda a cikin talabijin ɗin, inda za ka zaɓi wasa ka umarci na'ura ta riƙa naɗar maka shi duk mako. Shiri yana farawa a kan mintin da aka rubuta, sai fa idan wasan baseball da suke ƙauna ya zarce lokacinsa, abin da kan faru a Oktoba. Wuta ba ta ɗaukewa, intanet na gida kuma kuɗin wata ake biya, ba wanda ke rage ingancin hoto don tsoron ƙarewar data. Ko ana tsakiyar fage mafi daɗi, idan girgizar ƙasa ta auku a wani yanki, za ka ji ƙararrawa, rubutu ya bayyana a saman allo da sunan wurin da ƙarfinta da bayanin ko akwai barazanar ambaliyar teku.

Game da talabijin ɗin da ka ce in duba maka, shawarata a bar maganar. Na hannu suna da araha a shagunan kayan da aka yi amfani da su, wani ɓangare saboda tun 2001 doka ta sa mai son zubar da talabijin sai ya biya kuɗin sarrafa ta, don haka mutane sun fi son su sayar. Sai dai wutar nan bolt 100 ce, tamu kuwa ta ninka haka, tsarin kama tashoshi ma daban ne, kuma yawancinsu rubutun cikinsu na Japananci ne zalla. Haka kuma ba zan iya turo maka wasannin ba. TVer ba ta buɗewa a wajen ƙasar, kuma tun Oktoban 2012 sauke fim na sata laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyu ko tarar yen miliyan biyu, baƙo kuma takardar zamansa ce za ta shiga haɗari. Wasu daga cikin wasannin suna fitowa a Netflix da fassarar Turanci a rubuce, sai ka duba waɗanda aka buɗe wa Najeriya.

Ta fuskar samun kuɗi, tashoshin kasuwanci sun dogara ne da talla, talla kuma tana bin ƙididdigar masu kallo da kamfanin Video Research ke fitarwa washegari. A 2013 kashin ƙarshe na wasan Hanzawa Naoki ya kai kashi 42.2 cikin ɗari na gidaje a yankin Tokyo, amma a yau wasan da ya riƙe kashi 10 cikin ɗari ana cewa ya yi abin kai, shi ya sa suka koma lissafa har da masu kallo ta waya. Galibi ana ci gaba da ɗaukar wasa alhali an fara nuna shi, saboda haka idan mutane suka juya baya ana iya gyara labarin ko a rage kashi. A wannan fanni kun fi su kusanci da jama'a, domin ku a YouTube kuna karanta ra'ayin mai kallo cikin awa guda. Bambancin shi ne, ku yawan kashi ne ke kawo kuɗi, sai labarin da ya isa a gama a kashi 12 a ja shi zuwa 60, su kuwa an riga an sayar da gurbin ga wasa na gaba, dole marubuci ya sauka a kan lokaci.

Don haka idan za ku ɗauki abu ɗaya daga nan, ku rubuta kashi 10 ko 12 cikakku har da ƙarshensu kafin ku kunna kyamara, ku sanar da ranar farawa da ta gamawa, ku nemi 'yan kasuwa biyu ko uku su ɗauki nauyin zangon baki ɗaya tun da sun san iyakar abin da suke saye. Ku kuma ware kuɗin mai ɗaukar sauti tun farko, ko da za a rage na hayar motoci da gidajen alfarma. Idan ka turo mini tsarin labarin naku kafin tsakiyar Nuwamba, lokacin wasannin nan sun kai kashi na biyar ko na shida, inda aka saba juya akalar labari, zan rubuto maka yadda suke yin wannan juyi domin ku gwada da naku.