Wane kundin rock za ka saya idan labarin yaƙi kake nema?

Idan kuɗin kundi ɗaya kake da shi, kada sunan mawaƙi ya ruɗe ka. Duba labarin da ke ciki, ka kuma auna ƙarfin Turancinka, domin a wannan fanni baitocin kake biya wa kuɗi.

Da yawa kan fara da Born in the U.S.A. na Bruce Springsteen, wanda ya fito a 1984. Amshin babbar waƙarsa yana da armashi har ka ɗauka kirari ake yi wa Amurka, alhali kukan tsohon soja ne da ya dawo daga Biyetnam ya tarar ba aiki, ba mai kula shi. Sai dai yaƙin bai wuce nan ba sosai; sauran waƙoƙin na soyayya ne da rayuwar ma'aikata.

War na ƙungiyar U2, na 1983, ya fi sauƙin shiga kunne. Ya buɗe da Sunday Bloody Sunday, mai ganguna irin na fareti, wadda ke tuna ranar 30 ga Janairu 1972 da sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a garin Derry na Ireland ta Arewa. Sabon shiga, wannan zai karɓe ka.

Ni dai da za a ce in zaɓa, The Final Cut na ƙungiyar Pink Floyd zan ɗauka, shi ma na 1983. Roger Waters, ɗan ƙungiyar a lokacin, ya rubuta shi da ciwo biyu a zuciya: mahaifinsa ya mutu a fagen daga a Anzio ta Italiya a 1944 yana jariri, ga kuma yaƙin tsibiran Falkland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina da ya harzuƙa shi, har yana kiran firaministar Birtaniya ta lokacin, Margaret Thatcher, da Maggie yana tuhumarta. Daga farko har ƙarshe zancen ɗaya ne: alkawarin da aka yi wa waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na biyu, aka kuma saɓa. Amma fa kiɗan a hankali yake tafiya, wani wurin raɗa ce kawai, kuma ko masoyan ƙungiyar ba duka suke son sa ba. Ba na saurare a mota ba ne. In za ka saya, nemi faifan da ke haɗe da takardar baitoci.

Wanda kuma ba lallai sai na Turanci yake nema ba, akwai na kusa da gida: Funeral for Justice na Mdou Moctar, ɗan Nijar, wanda ya fito a 2024. Da Tamashek, harshen Buzaye, yake rerawa, jitarsa na da zafi, yana kuma caccakar Faransa kan mulkin mallaka da abin da ya bari a ƙasarsa. Kafin ka biya, saurari waƙa biyu daga kowanne a YouTube, ka buɗe baitocin a gefe.