Intalok ɗin leda da yashi: inda ya dace da inda bai dace ba

Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, takan zo wa mutanen Birnin Kebbi ne a farkon damina, lokacin da ruwan farko ke kwaso ledar da ta shekara a lungu ya cusa ta a bakin kwalbati. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar tun 1972, kuma sau uku ke nan a 'yan shekarun nan ana ɗora taken bikin a kan sharar roba: bikin da Indiya ta karɓi baƙunci a 2018, na Kwaddibuwa a 2023, da na Koriya ta Kudu a 2025. Duniya na ƙera roba fiye da tan miliyan 400 a shekara, abin da ake sake sarrafawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Duk sanda ranar ta zagayo sai hotunan intalok, wato bulon shimfiɗa ƙasa, da aka yi da narkakkiyar leda su cika Facebook, ana cewa ya fi na siminti. Mai niyyar shimfiɗa tsakar gidansa yana buƙatar abin da ya fi hoto.

Hukuncinmu a taƙaice: idan an yi shi bisa ƙa'ida, kaya ne mai kyau ga tsakar gida, hanyar ƙafa, bakin rijiya da wurin alwala. Amma ingancinsa ya dogara kacokan ga hannun mai yi, kuma lalatacce da mai kyau kamarsu ɗaya a ido.

Ba a sa masa siminti ko ruwa. Ledar ce ke riƙe yashin. Haɗin da ya fi ƙarfi shi ne kashi uku na yashi, kashi ɗaya na leda, a awon sikeli, ba awon bokiti ba. Ana narka ledar a cikin ganga, a riƙa zuba busasshen yashi da aka tankaɗe ana juyawa har ya zama kamar tuwo, a zuba a ƙarfen zubi da aka shafa wa mai, a danne, a bar shi ya huce. Da ya huce ya gama. Nan ya yi wa na siminti fintinkau, domin shi na siminti sai an yi kwana bakwai ana ba shi ruwa, ƙarfinsa bai cika sai kwana 28, kuma a zafin Afrilu na Kebbi masu buga bulo da yawa ba sa jira.

Yanzu a yi lissafi, don a cikinsa matsalar take. Intalok mai tsawon santimita 20, faɗi 10, kauri 6, guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya. Na leda yakan yi kusan kilo 2, na siminti ya doshi kilo 3. Rubu'in kilo biyun nan leda ce, wato rabin kilo. Fankon ledar fiya wata bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, don haka bulo ɗaya na cin leda wajen ɗari biyu. Tsakar gida mai mita 5 a mita 4 za ta ci bulo 1,000, leda rabin tan. Tara rabin tan na leda mai tsabta ba aikin mako ba ne, ga shi wasu masu kawo ta sukan bar ta da ƙasa da laima don sikeli ya yi nauyi. Idan oda ta matso kuma leda ta yi ƙaranci, mai yi yana da mafita biyu, duka marasa kyau: ya ƙara yashi, ko ya jefa duk robar da ta zo hannu.

Ƙarin yashi shi ne mai sauƙin ganewa. Ka goga babban yatsa a gefen bulon. Idan yashi na zubowa, ledar ba ta ishi ta lulluɓe kowace ƙwaya ba, kuma damina ɗaya za ta cinye gefunansa.

Gauraya roba ta fi haɗari. A jikin yawancin kayan roba akwai lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 4, dangin ledar fiya wata da ledar da ake ƙunshe jakar fiya watan, ita ce ta aikin nan, tana narkewa a wajen digiri 110. Lamba 2, irin ta jarka, ana iya haɗawa da ita idan an daddatsa ta ƙanana. Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, sai zafi ya kai wajen digiri 250 take narkewa.  Idan kuma ba a kai zafin ba, sai ta zauna gutsi-gutsi a cikin bulon, ta nan yake tsagewa. Lamba 3, fayif ɗin PVC da wasu takalman roba, ba ta da gurbi a gangar kwata-kwata, domin da ta ji wuta take fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. Haka robar tekawe mai kama da soso, lamba 6, wadda gwamnatin Legas ta haramta a farkon 2024.

Sai wuta. Narkawa ake so, ba ƙonawa ba. Masu ganga da itace ba su da ma'aunin zafi, wasunsu ma da gangan suke cinna wa ledar wuta daga sama don ta yi saurin narkewa. Baƙin hayaƙi na nufin ledar da za ta riƙe yashi tana tafiya sama, abin da ya rage kuma gautsi ne da shi. Wannan ya sa muke ba da shawarar a je wurin da ake yin kayan kafin a biya kuɗi. Idan ka tarar da harshen wuta a cikin ganga, yara na juyawa babu takunkumi babu safar hannu, a tsakiyar gidajen mutane, ka juya. An kwashe leda daga kwata an zuba ta a ƙirjin maƙwabta ke nan. Masu injin da ke narkawa a rufe, da matsi na danna bulon, kayansu ya fi tsada kuma ya fi daidaito.

Kafin ciniki ka nemi guda biyar daga wurare daban-daban na tulin, ba waɗanda aka jera a gaba ba. Ka ɗora su a sikeli. Idan wani ya zarce wani da nisa, haɗin ba ɗaya ba ne. Ka fasa ɗaya da guduma ka duba cikinsa. Mai kyau launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Ramuka kamar na burodi na nuna yashin da laima aka zuba shi, tururi ya maƙale a ciki. Wani kuma ka auna shi, ka jiƙa a bokiti kwana guda, ka goge ka sake aunawa. Da ƙyar ya kamata nauyinsa ya motsa. Rashin shan ruwan nan shi ne babban abin yabonsa. Gansakuka ba ta kama shi sosai, gishiri-gishirin da ke cin gindin bulon siminti a wurare masu danshi ba ya taɓa shi, shi ya sa ya dace da gidajen da ke kusa da fadama a Argungu ko Yawuri.

Rana ce abokiyar gabarsa. Zafin Kebbi kan haura digiri 40 a bazara, kuma yawancin wannan intalok baƙi ne ko ruwan toka mai duhu. Ba zai narke ba, amma da azahar yaro ba zai taka shi ba takalmi ba, kuma yakan yi laushin da jak ɗin mota, sandar jingine babur ko ƙafar ƙarfen tankin ruwa za su bar masa lotsawar da ba ta komawa. Yana kuma buɗewa da zafi fiye da siminti. Birkilan da ya matse su kamar yadda ya saba zai dawo ya tarar tsakiya ta yi tozo. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5 tsakanin bulo da bulo, a cike da yashi mai laushi.

Sauran shimfiɗar kamar ta kowane intalok ce: jar ƙasa da aka daddaɓe santimita 10, yashi santimita 3 zuwa 5 a kai, gangara ta santimita 2 a kowace mita zuwa wajen kwata, kerbu na siminti a gefe. Tun da bulon bai shan ruwa, in gangarar ba ta fita ba ruwa zai kwanta. Wajen yanka, faifan garanda yakan narka ledar ya danƙare, gara a yi odar rabi-rabi tun daga wurin zubi.

Kada a shimfiɗa shi a madafa, ko inda ake ajiye murhun gawayi, ko inda ake babbakar kai da ƙafa da Sallar layya. Garwashi ɗaya ya isa ya huda shi. Wajen janareta ma a bar wa siminti, saboda fetur da kananzir suna kumbura irin wannan roba sannu a hankali. Ƙofar shagon da tirela ke sauke buhunan shinkafa, ita ma ba wurinsa ba ce, sai na siminti mai kauri santimita 8.

Game da farashi, kada a ɗauka zai yi arha don daga bola aka samo shi. Tsinta, wanki, shanya da makamashi duk kuɗi ne. Wanda ya sayar maka da shi ƙasa da na siminti nesa ba kusa ba, ka sake goga yatsa a gefen bulon.