Yamaha PSR ko MIDI kontrola, wanne zan saya?

Salam 'yan uwa. Ɗan uwanmu da ya yi tambaya jiya cewa ya tara ɗan kuɗi amma ya rasa tsakanin fiyano irin Yamaha PSR da ƙananan MIDI kontrola ɗin nan irin su Akai MPK Mini, wai tunda duk maballai ne baƙi da fari ai abu ɗaya ne, to malam kamar a ido ce kawai.

Shi kontrola babu sauti ko ɗaya a cikinsa. Ka kunna shi shi kaɗai ka yi ta dannawa har gari ya waye ba za ka ji ko ƙiris ba. Aikinsa tura saƙo ne ta kebul ɗin USB zuwa laftop, ya ce an danna maballi mai lamba 60, wato C ta tsakiya, da ƙarfi kaza, yanzu kuma an saki, kuma ƙarfin dannawar daga 0 zuwa 127 ake auna shi. Tsarin tura saƙon nan shi ake kira MIDI, tun 1983 yake, Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland da Dave Smith na cikin waɗanda suka kafa shi don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna. Ita kuwa PSR abu biyu ne a jiki ɗaya, ga maballan ga injin sautin, har da sifika da kiɗan rakiya, kuma yawancin muryoyinta naɗo su aka yi daga ainihin kayan kiɗa aka adana a ciki. Ka kunna kawai ka fara.

To me ya sa mutum zai sayi abin da ba ya magana? Saboda a laftop kai ne za ka ƙera sautin da hannunka. Buɗe 3xOsc, wani injin ƙera sauti a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ka gani, wani sashe da ake kira osileta ne ke fitar da ɗanyen sauti, ka zaɓi sauti mai siffar haƙoran zarto za ka ji shi da kaifi yana zizz kamar ƙudan zuma, sai ka sa masa filta ta rage kaifin ya koma mai taushi, sannan ka saita yadda zai shigo da yadda zai mutu, in ka sa ya shigo farat ɗaya ya ɗauke da sauri ya zama kamar an tsinki tsirkiya, in ka ja shigowar ta yi tsawo sai ya dawo irin sautin nan mai shimfiɗa da ake sawa a bayan waƙa. Akwai kuma wata hanyar ƙera sauti mai suna FM da John Chowning ya gano a jami'ar Stanford, wadda fiyanon Yamaha DX7 ta yi suna da ita, osileta ɗaya ke girgiza wata sai ka samu ƙarar ƙararrawa da ƙarfe. Sytrus, wani injin sautin na FL Studio, haka yake aiki, sai dai gaskiya yana da ɗaure kai ga ɗan koyo.

Wani daɗin MIDI, in ka yi kuskure a noti ɗaya ba sai ka sake buga komai ba, ka ja shi da maus ka gyara, ko ka canza muryar gaba ɗaya bayan ka gama.

Matsalar kontrola dole sai da laftop mai ɗan ƙarfi, in ba haka ba ka danna yanzu sautin ya fito a makare, sai ka koma neman ASIO, wato manhajar da ke rage jinkirin, ko sawun kat, wato na'urar sauti da ake jonawa da laftop. MPK Mini kuma maballai 25 ne, hannu biyu ba ya sakewa, PSR yawanci 61.

Ni dai in kana zuwa kiɗan biki ko kana son koyon hannu sosai, ɗauki PSR, don ita ma in tana da ramin USB za ta yi maka aikin kontrola, shi kuwa kontrola ba zai taɓa yin nata ba. In kuma zaman sutudiyo ne kuma laftop na hannu, kontrola ya fi sauƙin kuɗi. Kowanne ka ɗauka duba ko yana da abin lanƙwasa sauti, wato abin da ke jan noti sama ko ƙasa, don ba kowace ƙaramar PSR ke da shi ba, kuma ba shi ba kwaikwayon goge ko algaita.