Ƙusa ɗaya a kufan Bodie

Mu huɗu ne, tun makarantar kwana muke tare. Wanda ke zaune a birnin Sacramento na Amurka shi ya kawo shawarar mu je Bodie, tsohon garin masu haƙar zinariya a gabashin Kalifoniya. Na ce masa, "Mutumina, kufai fa ka ce? Na baro kangaye a gida, in zo nan in biya dala don in ga na Turawa?"

Tun a hanya raina ya soma ɓaci. Ana barin babban titi mai lamba 395 a kudu da garin Bridgeport, a bi kwalta, sai mil 3 na ƙarshe kwaltar ta ƙare, gargada da ƙura kamar hanyar ƙauyenmu. Garin Bodie yana kan tudu, sama da mita 2,500, iska na yankan kunne. Ba gidan mai, ba wurin sayen abinci. Da a gida ne mutane ke taruwa haka, da tuni mai shayi ya kafa tebur, mai tsire ya hura wuta. Biskit da ruwan gora muka yi kalaci da su, ina ta tuna ƙosai.

A 1859 aka gano zinariya a wurin. Wajen 1880 mutane dubbai ne a garin, ana cewa mashaya ta kai 65. Arziki ya ja baya, gobarar 1892 da ta 1932 suka cinye mafi yawan gidajen. Abin da ya rage, gwamnatin jihar ta mayar da shi wurin tarihi a 1962. Dabararsu ce ta burge ni: ba sa sabunta gini, ba sa kuma barin sa ya faɗi. Sai a tokare bango, a toshe rufi, shi ke nan. Ka leƙa tagar makaranta ka ga kujerun yara, ka leƙa kanti ka ga kaya a jere, ƙura ta lulluɓe su.

A bayan wani gida na ga tsohuwar ƙusa mai kusurwa huɗu, ta yi tsatsa. Na sunkuya na jefa ta aljihu, wai tsaraba. Wata tsohuwa, 'yar kallo ce kamar mu, ta taɓa kafaɗata. Ba tsawa, ba harara. "Ɗana, mayar da ita inda ka same ta." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni da furfura a gemu! Abokaina kuwa har da riƙe ciki, nan take na zama "Alhaji ɓarawon ƙusa".

Ashe doka ce, ko fasasshiyar kwalba ba a ɗauka. Akwai ma camfin cewa wanda ya ɗauki abin Bodie tsiya za ta bi shi, har mutane na aiko da abin da suka ɗauka ta gidan waya, da wasiƙar neman afuwa. Camfin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai, matar nan ba ma'aikaciya ba ce, ba kuma gadon ubanta ba ne.

Sai ganuwar Kano ta faɗo mini, wadda ta girmi Bodie da ɗaruruwan shekaru: wani ya ɗebi ƙasarta, wani ya zuba shara, wani ya yanki fili, muna wucewa muna cewa ina ruwanmu. Da Bodie a wajenmu take, kwanon rufin ba zai kwana ba, 'yan jari-bola sun auna shi a sikeli. Ina cikin wannan faɗan a mota, na Sacramento ya ce, "Malam, sassauta. Cikinmu nan wa aka kama?"

Da na koma masauki na zazzage aljihu, garin tsatsa ya zubo a kan farin zanin gado. Sai da na sa hannu na kakkaɓe kafin masu shara su gani.