Cibiyar kwana ko hannun maigida: amsa ga Hajiyar da ta tambaya kan ɗan yayarta

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan riƙon maraya. Kin ce yaron shekararsa 17, ya ajiye makaranta a aji huɗu na sakandare, yanzu sai zaman majalisa da shigowa gida sha biyun dare, kuma dangi sun rabu biyu, wasu na cewa a kai shi wuri na kwana a killace shi har ya koyi sana'a, wasu na cewa a damƙa shi a hannun wani maigida a kasuwa. Toh ga yadda nake ganin abin.

Da farko don Allah ki cire gidan mari daga lissafinki ko wa ya kawo miki shawarar. Duk mun ga abin da aka fito da shi a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 wasu da mari a ƙafa da tabon duka a gadon baya, aka zo aka sake gani a Daura, har gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin gidajen nan. Yaron da aka ɗaure zai fito yana sunkuyar da kai ne saboda tsoro, amma ƙullaci na nan a zuci, kuma ba a koya masa yadda zai ci da kansa ba. Gidan yara na Goron Dutse da Bostal ta Kaduna, gidan gyaran halin matasa masu laifi, su kuma ba wurin da uwa ke kai ɗa da kanta ba ne, hanyar hukuma da kotu ce.

Na biyu, ki tabbatar yana shaye-shaye ko baya yi, domin nan ne maganar ke rabuwa. In yana shan ƙwaya ko sholisho to likita ne farko, asibitin Dawanau ko ɓangaren ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, sannan a yi maganar irin makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru da aka kafa lokacin Kwankwaso saboda irin waɗannan matasa. Ba maigidan da zai iya da yaron da ƙwaya ke kaɗawa, kuɗin ciniki zai ɗiba, a ƙarshe a ɓata zumunci.

In kuma zaman banza ne kawai da abokai, to mu jera su biyun.

Wurin kwana, irin kwalejojin fasaha na gwamnati da ke Wudil da Bagauda, babban amfaninsa yana raba yaro da majalisarsa lokaci ɗaya. Akwai lokacin tashi, lokacin sallah, lokacin shiga wajen aiki, kuma in ya daure ya zana NABTEB, jarrabawar kammala makarantun fasaha, zai fita da takarda a hannu, wadda za ta yi masa rana in ya so wucewa foliteknik ko neman aiki a kamfani. Amma fa a can komai yi masa ake, a dafa a zuba masa, a buga ƙararrawa ya kwanta, bai taɓa riƙe kuɗin wani ya ba da lissafi ba, bai taɓa lallashin kwastoma mai faɗa ba. Ranar da ya gama sai ya dawo lungun nan dai, abokan nan dai suna kan bencinsu, ba kayan aiki ba jari, wata biyu ya koma ruwa.

Hannun maigida kuwa, wallahi ni shi na fi yarda da shi wajen mayar da yaro mutum, don 'yancin kaɗan-kaɗan ake sakar masa. Je ki kasuwar Kwari ko Singa a Kano da safe ki gani, yaro shi zai riga kowa zuwa ya buɗe shago ya share ya jera kaya, wata da watanni aikinsa ɗauko dila daga sito da sayo abinci, sai wata rana maigida ya tafi sallah ya bar shi da aljihun tebur, daga nan a fara aikensa banki, daga nan a bar masa shagon yini guda. A gareji a Ƙofar Ruwa ma haka ne, da wanke noti a fetur da miƙa sifana ake farawa kafin a bari ya kwance inji. Kowane mataki sai an ga amanarsa ake ƙara masa wani, ya san mutane mutane sun san shi, wannan sanayyar ita ce rabin jarinsa ranar da aka sallame shi.

Matsalarsa biyu ce kuma ba ƙanana ba ne. Yawanci ba a rubuta komai, sai yaro ya shekara bakwai takwas yana bauta ba maganar sallama. Sannan kasuwa na tashi kafin magariba, daren nasa fa? In gida zai dawo ya kwana a shagon samari na ƙofar gida to majalisar na nan, ga shi yanzu har da 'yan canji a aljihu.

Don haka ni a naki yaron, in abokan ba 'yan daba ba ne, maigida zan zaɓa amma da sharaɗi. Ya koma kwana gidan maigidan ko gidan kawunsa a wata unguwa, a zauna gaban dattijai biyu a faɗi shekara nawa zai yi da abin da za a sallame shi da shi, a rubuta kowa ya riƙe kwafi, kuma a sa shi islamiyyar dare don lokacin bayan isha ya cike. In kuwa har ya fara yawo da masu ɗaukar makami to nisa ake buƙata da gaggawa, a kai shi na kwanan, amma tun kafin ya gama a nemo maigidan da zai karɓe shi kai tsaye.

Duk inda za ki kai shi ki je da ƙafarki ba tare da sanarwa ba, ki ce a nuna miki ɗakin kwana da banɗaki da tukunyar abinci, ki tambaya ko za ki iya ziyara ki keɓe da shi ku biyu. In suka ce ba a ganin yaro sai bayan wata shida, ki juya da abinki. Kuma Hajiya ki zaunar da shi ki tambaye shi sana'ar da ransa ke so, gyaran waya ne a Farm Centre ko walda ko yadi, don mai shekara 17 in aka kai shi inda baya so sati ɗaya zai gudu.