Wata takwas ina kan allurar adalimumab

Shekara shida ina shan maganin basir, don duk wanda na gaya wa ciwon bayana haka yake ce mini. Ni kuwa na san nawa daban ne. Ciwon yakan tashe ni tsakar dare, da asuba bayana ya sandare kamar gungume, ruku'u sai na dafa bango. In na tashi na yi tafiya sai ya saki, in na zauna a kan keken ɗinki ya dawo.

Likitan gaɓoɓi ne ya sa aka yi mini hoton MRI, aka ga kumburi a mahaɗar ƙugu da ƙashin baya. Ya ce ankilosin spondilaitis ne, wato ciwon kumburin gaɓoɓin ƙashin baya. Gwajin da aka yi mini na HLA-B27, ƙwayar halittar da ake yawan samu a jikin masu wannan ciwo, bai nuna komai ba, ya ce kada in yi mamaki, wannan ƙwayar halittar ba ta da yawa a cikin mutanen Afirka ta Yamma.

Ya ɗora ni a kan allurar adalimumab, kuma yadda ya bayyana mini aikin allurar shi ya kwantar mini da hankali. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai, irin su TNF da IL-17. A jikina saƙon "ku taho a yi faɗa" ba ya tsayawa, har jiki ya fara gina ƙashi a inda kumburin ya daɗe, gaɓoɓin baya su manne. Adalimumab yana cafke TNF kafin ya isa wurin ƙwayar da aka aike shi. In bai karɓe ni ba, akwai secukinumab mai tare IL-17.

Kafin allura ta farko sai da aka gwada ni tarin fuka da ciwon hanta, tunda maganin yana rage ƙarfin garkuwa. Miligiram 40 ne duk mako biyu, ina yi wa kaina a cinya da abin allurar mai kama da biro. Akwai ɗan zafi, ba na azo a gani ba. Wajen mako na shida na yi sujada ban nemi bango ba, na daɗe goshina a ƙasa ina kuka.

Wahalarsa biyu ce. Sai an ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma a watan Afrilu a Kano, in wuta ta ɗauke, hankalina ba ya kwanciya; yanzu a firjin sola na maƙwabcina yake kwana. Sannan kuɗi. Ko wanda ake yi a Indiya, da yayyena ba su haɗa mini ba, da tuni na daina.

Mai irin ciwona, kada ya saye shi a kemis da kansa. Ya fara ganin likitan gaɓoɓi a gwada ƙirjinsa, kuma ya ci gaba da motsa jiki, don allurar ba ta ɗauke mini miƙar asuba ba.